Libarba a Birtaniya: Daga Ƙugun Hafsa Zuwa Ofishin 'Yan Sanda

Libarba, wato ƙaramar bindigar hannu mai 'yar gangar ƙarfe da ke juyawa, wadda ake jera harsasai biyar ko shida a ramukanta, ta samu gindin zama a Birtaniya ne tun lokacin da Ba'amurke Samuel Colt ya nuna ƙirarsa a babban baje kolin Landan na 1851, ya kuma buɗe masana'anta a birnin a 1853. Masana'antar ba ta yi tsawon rai ba, sai maƙeran ƙasar suka karɓe sana'ar, kuma a cikinsu babu wanda ya yi suna kamar gidan Webley na birnin Bamingam, wanda rundunar sojan Birtaniya ta amince da libarbarsa a 1887. Ita ce bindigar hafsoshin Birtaniya a Yaƙin Bowa na Afirka ta Kudu, da kuma zamanin da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Ƙirarta ta bambanta da ta Colt, domin idan aka danna wani maƙulli sai ta karye a tsakiya, bakinta ya sunkuya ƙasa, kwansunan harsasai shida su fito a lokaci guda, sannan a gindin mariƙinta akwai zobe da ake ɗaura wa igiya a rataya a wuya, don kada ta suɓuce wa mai ita a kan doki ko a cikin laka.

Abin da ya sa libarba ta zama kayan gado a gidaje da yawa shi ne wata tsohuwar al'adar soja, wadda ta ɗore har zuwa Yaƙin Duniya na Ɗaya, cewa hafsa shi ke sayen kakinsa da takobinsa da bindigarsa da kuɗin aljihunsa. Tun da yake mallakarsa ce, ba ta gwamnati ba, yakan sa a zana sunansa ko na rundunarsa a jikin ƙarfen, idan ya tsira daga yaƙi ya komo da ita gida, idan kuwa ya kwanta dama a can, sau da yawa a aiko wa iyalinsa da ita tare da sauran kayansa. Ta haka ne bindigar da aka ƙera don kisa ta koma abin tunawa da uba ko kaka, ana shafa mata mai, ana naɗe ta a ƙyalle, ana ciro ta a nuna wa jikoki. Dokar makamai ta 1920 ta wajabta wa mai irin wannan bindiga samun takardar izini daga 'yan sanda, amma ba ta haramta riƙe ta ba, kuma ko bayan da sojoji suka sauya ta da bindigar Browning, ƙungiyoyin masu wasan harbi sun ci gaba da riƙe libarba iri-iri.

Abin da ya sauya wannan yanayi shi ne, ranar 13 ga Maris, 1996, wani mutum mai suna Thomas Hamilton ya shiga makarantar firamare ta garin Dunblane a Sikotilan da ƙananan bindigogi huɗu, biyu daga cikinsu libarba, dukkansu kuma da izinin hukuma, ya kashe yara 16 da malamarsu kafin ya kashe kansa. Al'umma ta girgiza, mutane fiye da 700,000 suka sa hannu a takardar koke, sai gwamnatin John Major ta yi doka a 1997 da ta haramta ƙananan bindigogi masu manyan harsasai, gwamnatin Tony Blair kuma ta haɗa da ragowar a cikin wannan shekarar. Dokar ta shafi Ingila da Sikotilan da Welas, ban da Ailan ta Arewa. Tsakanin 1997 da 1998 aka miƙa wa 'yan sanda ƙananan bindigogi kimanin 162,000, aka biya masu su diyya, aka lalata mafi yawansu.

Baƙin cikin waɗanda suka rabu da bindigoginsu ba na ƙarya ba ne, kuma bai dace marubucin tarihi ya raina shi ba. Mutumin da ya yi shekaru yana harbi da libarba guda, ya san nauyin kunamarta, mariƙinta ya suɗe daidai da tafin hannunsa, ba zai ga cewa kuɗin diyya ya maye masa gurbinta ba, balle wanda ta zo masa ta hanyar gado, wanda yake jin an hukunta shi ne a kan laifin da bai ji ba bai gani ba. 'Yan wasan harbi na ƙasar ma sai da suka riƙa fita waje, musamman Suwizalan, don yin atisaye. Majalisar dokoki ta san da wannan, shi ya sa ta bar 'yar kafa: an yarda a riƙe bindigar da aka samo a matsayin ganimar yaƙi kafin 1946, da wadda aka ƙera kafin 1919 idan harsashinta ya yi wuyar samu, sannan masu darajar tarihi ana ajiye su a wasu keɓaɓɓun wurare, kamar filin harbi na Bisley, inda mai ita zai je ya same ta.

Duk da haka, idan aka auna rashin abin gado da rashin 'ya'ya, hukuncin da Birtaniya ta yanke shi ne daidai, domin Hamilton da kansa mai takardar izini ne, wanda ke nuna cewa tantance mutane kaɗai bai wadatar ba, kuma iyayen Dunblane babu diyyar da za ta mayar musu da abin da suka rasa.