Takobi a Bayan Ƙyaure: Tarihinsa da Yadda Ake Riƙonsa

Shekaru bakwai ke nan da Allah Ya yi wa mahaifinmu rasuwa a Zariya. Da aka zo rabon gado an ƙiyasta gida da gona da littattafai, har da tsohon keke, amma babu wanda ya waiwayi wani takobi da ke jingine a bayan ƙyauren turakarsa. Gwaggonmu, wadda ita kaɗai ta rage a ɗakinsu, ta dube ni ta ce, "Kai da ba ka rabo da tsofaffin tarkace, ɗauki in 'yan'uwanka sun yarda. Na kakanku ne, shi ma a hannun mahaifinsa ya same shi." Kowa ya yarda, wasu har da dariya. Na naɗe shi a buhu na taho da shi Gwagwalada, ban san komai game da shi ba face nauyinsa.

Sai daga baya na lura cewa ba shi ne takobin farko da ya biyo wannan hanya ba. A farkon ƙarni na 19, lokacin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Malam Musa ya ci Zariya, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yi kudu da jama'arsa ya sauka Zuba, wadda a yau muke ratsawa a mota ba tare da tunanin komai ba. Makau ya rasu a fagen yaƙi kusa da Lapai a 1825, ƙanensa Abu Ja ya gaje shi, ya kafa garin Abuja a 1828. Wannan gari ne ya bar wa sabon babban birnin tarayya sunansa bayan dokar 1976, ya koma Suleja, kafin gwamnati ta tare a nan ranar 12 ga Disamba, 1991. Ruwayar Zazzagawa ta nuna cewa sunan Zazzau kansa na wani takobi ne da ake girmamawa tun zamanin da, kuma yana cikin kayan sarautar da Makau ya fita da su. Wato mutumin da ya rasa birni da fada da kasuwa bai yarda ya rasa takobi ba, domin a ganinsa muddin takobin na hannunsa, sarautar ba ta kuɓuce ba.

Haka abin yake a sauran ƙasashen Hausa. A fadar Daura akwai takobin da ake dangantawa da Bayajidda da kisan macijiyar Kusugu. A Katsina akwai Gajere, wanda aka ce da shi Korau ya kawar da Sanau ya kafa sabon gidan sarauta, ga kuma Bebe, da ake cewa ganima ce daga Gobir. Wani masani Bature, A. D. H. Bivar, ya zagaya fadoji ya duba irin waɗannan makamai, ya fitar da littafinsa Nigerian Panoply a 1964. Abin da ya burge ni da aikinsa shi ne ya ɗauki takobi tamkar takarda: ya karanta rubutun Larabcin da ke jiki, ya auna, ya kwatanta tambari da tambari, sannan ya faɗi zamanin da yake zato. Mu da muke koyar da adabi mun saba da neman tarihi a bakin mawaƙa da maroƙa, mun manta ƙarfe ma yana riƙe magana.

To, amma takubban fada kaɗan ne, kuma suna da masu tsaronsu. Wanda ke bayan ƙyauren talaka shi ne abin tausayi, shi ne kuma ya fi yawa. Irin wannan takobi aikin hannu uku ne: mai ƙera ruwansa, mai ɗora masa ƙota, da badukun da ya ɗinka kube da hamila. Sau da yawa waɗannan mutum uku ba su taɓa ganin juna ba, ba su ma ji yaren juna ba. Ba rashin ƙira ya jawo haka ba, domin a Taruga, kudu maso gabas da Abuja, an tono matoyan tama da suka haura shekara 2,000, a gindin Dala ma an daɗe ana narka ƙarfe kafin a zagaye Kano da ganuwa. Sai dai ruwan takobi mai tsawo, wanda zai lanƙwasa ya miƙe bai karye ba, yana buƙatar ƙarfe mai tsabta da horo na musamman, fatake kuma suka ga kasuwa a nan. Hugh Clapperton, wanda ya shiga Kano a 1824, ya ga dogayen takubba miƙaƙƙu da aka ce masa daga Malta suka fito, suka biyo ta Tarabulus da Barno. Heinrich Barth, da ya zo a 1851, ya tarar ana shigo da ruwan takobi da yawan gaske ta hamada, galibi ƙirar garin Solingen na Jamus, a Kano ake yi musu ƙota da kube, sannan a sake fita da su zuwa wasu ƙasashe. Saboda haka takobin da tsoho ya ce maka na Kano ne, yana iya zama Bajamushe ne da ya sa rigar Kanawa.

Maƙeran Turai suna buga tambari a kusa da ƙota: wasu hoton kyarkeci yana gudu, wasu jinjirin wata biyu masu fuskar mutum. Da masu saye suka ɗauki tambarin a matsayin shaidar nagarta, har ma da asiri, sai maƙeranmu da na Buzaye suka shiga buga irinsa a nasu aikin. Don haka tambari shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Sai an haɗa shi da zurfin kwarin da ke bin tsakiyar ruwan, da yadda ƙarfen yake amsawa in an ɗan lanƙwasa shi. Sunayen ma sun bambanta, akwai fatefate mai faɗi, da tamogashi, da bisalami mai lanƙwasa, da kansakali. Yawancin ɗalibaina ba su taɓa jin ko ɗaya ba, alhali sun karanta Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya fito a 1934 cike da sara da suka.

Ranar takobi a fagen fama ta faɗi ne a 1903. Kano ta faɗa hannun Turawa a watan Fabrairu, Sakkwato a watan Maris, aka ƙare a Burmi a watan Yuli, barade masu lifidi da sulke suka fuskanci bindiga mai ruwa. Daga nan takobi ya koma kayan adon hawan salla da rakiyar sarki. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, tarkacen ƙarfe ya yi arha, matoya suka mutu ɗaya bayan ɗaya, daga baya maƙera suka koma yanko takobi daga sifirin mota. Mafi yawan abin da ake tallatawa a shagunan kayan gargajiya na Abuja daga wannan zuri'a yake, wani ma an binne shi a ƙasa na 'yan makonni don ya yi kama da tsoho.

Duk wannan ban san shi ba a daminar farko da takobin ya yi a gidana. Daminar Abuja ta fi ta Zariya tsawo da laima, ni kuwa na rataye shi cikin kubensa a bangon falo, bangon da ke jiƙa. Da na zare shi a watan Satumba sai na ga jar tsatsa ta feso masa kamar ƙyanda. Hankalina ya tashi. Ana haka sai ga mai washin wuƙa yana wucewa da injinsa, na kira shi, na ce ya fitar mini da shi fes. Bai yi mini gardama ba, aikinsa ke nan, laifin nawa ne. Cikin minti goma takobin ya koma fari tas kamar sabuwar wuƙar fawa, na biya ina murna. Sai da dare na tuna akwai wasu 'yan zane biyu a kusa da ƙota da nake cewa zan duba in na sami sukuni. Na haska fitila, babu su. Garin neman gira na rasa ido.

Wani abokin aiki ya kai ni wurin wani tsohon maƙeri a Suleja. Ya jujjuya takobin, ya ɗan danna tsininsa a ƙasa ya saki, ya saurari ƙararsa, sannan ya ce, "Malam, wa ya yi maka wannan ɓarna?" Na ce, "Baba, ni na sa." Ya girgiza kai ya ce baƙin da ke jikin tsohon ƙarfe rigarsa ce, ba a tuɓe masa ita, jar tsatsa mai gari ita ce cuta, ita kaɗai ake bi a hankali. Abin da ya koya mini a zaune ɗaya, na tarar bai saɓa wa abin da ma'aikatan gidajen tarihi suke yi ba.

Ga shi a taƙaice, ga wanda Allah Ya ba irin wannan amana. Kada magagari ko sanfefa ko injin washi su kusanci ruwan. In jar tsatsa ta fito, a ɗiga mata man keken ɗinki, a bar shi ya kwana, a goge da tsumman auduga. In ta ƙi, a bi ta da soson ƙarfe mafi laushi, cikin mai, ana bin tsawon takobin. Man gyaɗa da manja ba su dace ba, domin suna daskarewa su yi danƙo su tara ƙura. Gumin hannu yana da gishiri, duk inda yatsa ya taɓa a goge. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kube: fatar da aka jeme da bagaruwa tana shan laima ta riƙe, ta kuma ci ƙarfe, saboda haka takobin ajiya ba ya kwana a kubensa, gefe da gefe ake shimfiɗa su a wuri busasshe, nesa da hannun yara. Da damina a duba shi duk wata. Da hunturu kuma fatar ce ke cikin haɗari, kada a bar ta a rana ko a lanƙwasa ta. Tagullar ƙota ma a ƙyale ta da duhunta, ban da toka da lemon tsami irin na wankin tire.

Wanda sha'awa ta ja shi ga ƙara na biyu da na uku, ya san akwai doka a gabansa. Doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, ta sanya aikin hannun gida da aka yi kafin 1918 cikin kayan tarihi, ta hana saye da sayar da su sai ta hannun wakilin da aka amince da shi, ta kuma hana fita da su waje ba da izini ba. A nawa ra'ayi wannan ba takura ba ce, domin dillalan da ke bin ƙauyuka suna raba takobi da sunan mai shi, in ya isa kanti ya zama ƙarfe kawai. Mai son tarawa ya fara da na gidansu, ya je Gidan Makama a Kano ko gidan tarihin Kanta a Argungu ya horar da idonsa, in zai saya ya sayi sabo daga hannun maƙerin da ya ƙera shi, ya rubuta sunan garin da shekarar. Nawa uku ne yanzu, biyu sababbi ne, ban kuma ɓoye wa kowa hakan ba.

Na buɗe wa kowanne shafi a wani littafi. A shafin na farko na rubuta tsawon ruwansa santimita 83, kwari uku, kaifi biyu, tsininsa ya zagaye saboda yawan washin mutanen da. Na koma Zariya na zauna gaban Gwaggo da wayata, ta yi magana ta minti 14: kakan nata baran wani hakimi ne, da wannan takobi yake bin ubangidansa, akwai kuma wata ƙuna a bakin kuben da ta ce gobarar da ta ci gidan ce tun tana yarinya. Wannan ƙuna da na yi niyyar kai wa baduku ya sake. Ta rasu a shekarar da ta biyo baya. Kafin mu bar Suleja a wancan karon, tsohon maƙerin ya ɗan ɗaga tagullar da ta rufe gindin ruwan da bakin wuƙarsa, inda injin bai kai ba, ya nuna mini wani ɗan lanƙwasasshen zane da bai wuce tsawon ƙwayar shinkafa ba. Ƙahon jinjirin wata ne. Na ɗauki hotonsa, na manna a ƙasan shafin.