ALEWA

Alewa (suna, mace, wasu kan ce *alawa*). Asalinta Larabci ne, daga *halawa*, wato zaƙi, kuma tana cikin kalmomin da suka shigo Hausa tare da malamai da fatake, har harshe ya sassauta ta, harafin farko ya faɗi.

Ma'anarta ta fari ita ce abin zaƙin da ake dafawa daga ruwan rake, ko takanɗa, ko maɗin ɗinya. Bayan da sukari ya wadata a kasuwanni, sai masu sana'ar suka koma gare shi, suna tafasa shi da ɗan ruwan tsami har ya yi kauri, sa'an nan su rataya shi a ƙusa suna ja suna ninkawa, suna ja suna ninkawa, har ya yi fari fat, kana a yayyanka. Aiki ne mai bukatar haƙuri da sanin wuta, wanda ya cancanci girmamawa fiye da yadda ake ba shi.

Ta biyu, a Tawa da ƙauyukan Adar, kamar sauran ƙasar Hausa, yara kan kira duk abin tsotson kanti da wannan suna, kuma akwai alewar madara.

Halawar Misira ta riɗi ce, ta fi kusa da kantun riɗinmu. Turawa kuwa suna da tasu ta 'ya'yan itacen lauz, wato *almond*, da sukari, wadda mutanen Ingila a zamanin Shakespeare suke kira *marchpane*.