Daga harbin bindiga zuwa gwajin kwamfuta: masu auna hankalin matuƙan jirgi

Mu malaman lakwal, idan yaro ya faɗi jarrabawa, shi muke fara ɗora wa laifi. Haka aka daɗe ana yi wa matuƙan jirgin sama, kuma tarihin masu auna hankalinsu ya sa ni tunani.

A 1916, ana tsakiyar yaƙin duniya na farko, wasu likitoci biyu a Faransa, Jean Camus da Henri Nepper, suka fara gwada samarin da ke son tuƙa jirgin soja. Suna auna saurin mutum in ya ga alama, ko ya ji ƙara, ko an taɓa shi. Sannan a harba bindiga kusa da shi ba zato, a duba numfashinsa da rawar hannunsa. Manufar ita ce tace ragwaye a kore su.

Wanda ya fi burge ni shi ne Alphonse Chapanis, masanin halayyar ɗan Adam a sojan Amurka. A 1943 jiragen B-17 sun yi ta lalacewa wajen sauka, domin matuƙa kan naɗe tayoyi maimakon fiffiken rage gudu. Rahoto kullum ɗaya ne: kuskuren matuƙi. Chapanis ya shiga ɗakin tuƙi, ya tarar maɓallan biyu kama ɗaya ne, ga su dab da juna. Mutum ya gaji, hannu ya kai inda bai nufa ba. Sai aka maƙala ƴar tayar roba a kan na tayoyi, aka sa wa ɗayan siffar fiffike, yadda yatsa zai gane ko ido bai duba ba. Matsalar ta kau. Matuƙan dai su ne na jiya.

Sai hatsarin Tenerife na 27 ga Maris 1977, inda jirage biyu suka yi karo cikin hazo, mutum 583 suka rasu. Injiniyan jirgin KLM ya nuna shakka, kyaftin ya ci gaba. Daga nan aka fara koya wa ƙarami yadda zai ja hankalin babba, abin da ko a ajinmu ba sauƙi gare shi ba.

Yau mai wannan sana'a yakan karanci ilimin halayyar ɗan Adam, ya ƙware kan aikin ƙwaƙwalwa. Da gwajin kwamfuta irin CogScreen yake auna tunawa da natsuwar matuƙin da ya bugu a kai, ko ya yi fama da giya, kafin a mayar masa da lasisi. Aiki ne mai nauyi, domin abincin mutum ne a hannunka, ga kuma rayukan fasinja. A 2015 mataimakin matuƙin Germanwings ya ɓoye wa kamfaninsa takardar likita, ya kifar da jirgi da gangan a tsaunukan Faransa, mutum 150 suka mutu. A 2018 Tarayyar Turai ta wajabta gwajin hankali kafin matuƙi ya fara aiki, da kuma tsarin da zai kai kukansa a asirce, a taimake shi.