Kulorokwin a Kan Sikeli: Tarihin Maganin da Aka Auna Sau Huɗu

 Gaisuwa ta musamman ga iyayenmu makiyaya da ke kama mu a ruga da mashekari, da 'yan uwa 'yan kasuwa masu kai da komo tsakanin Jibiya da Maraɗi, Illela da Ƙonni, Maigatari da Magarya. A filin tarihi na wannan mako mun ɗauko labarin wata ƙwaya ce mai ɗaci wadda kusan kowane gida ya san ta. A Najeriya ana ce mata kulorokwin, a Nijar kuma an fi sanin ta da nibakin. Duk wanda ya girma ya san ɗacinta, da yawa kuma sun san ƙaiƙayin da take sa wa mutum har ya kasa barci.

Dalilin ɗauko ta shi ne tambayar da kuke yawan aiko mana: yaya ake gane magani yana aiki? Ɗan kasuwa ba ya sayen buhun gero da ganin ido, sai ya ɗora a sikeli. To, shi ma magani yana da nasa sikelin, gefe ɗaya amfani, gefe ɗaya illa. Sau huɗu masana suka ɗora kulorokwin a kan wannan sikeli, kuma kowane karo akwai abin da ya koya wa duniya.

Awo na farko a Jamus aka yi shi. A shekarar 1934 wani masanin haɗa magunguna mai suna Hans Andersag, ma'aikacin kamfanin Bayer, ya haɗa wannan ƙwaya, aka sa mata suna Resochin. Aka gwada ta a kan marasa lafiya huɗu kacal a garin Düsseldorf, aka ce gubarta ta yi yawa, aka ajiye ta gefe. Kusan shekara goma tana ajiye, alhali zazzaɓin cizon sauro, wanda wasunmu ke kira masassara, yana ta ɗibar rayuka. Iyayenmu makiyaya, ku duba da kyau: in mutum yana da garke na shanu ɗari uku, ya duba guda huɗu, ai bai san lafiyar garken ba tukuna. Haka su ma suka yanke hukunci da awo ƙarami, ya kuwa fito karkatacce.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya dawo da maganar. Lokacin da Japan ta kama tsibirin Jawa a 1942, wato inda mafi yawan kwinin na duniya ke fitowa, sojojin Amurka da ƙawayenta suka shiga tsaka mai wuya, zazzaɓi yana kwantar da su a fagen daga. A 1943 da suka shiga birnin Tunis, suka samu wani magani ɗan uwan Resochin mai suna Sontochin, tare da bayanan likitocin Faransa da suka yi aiki da shi. Daga nan Amurkawa suka koma kan ainihin ƙwayar da Jamusawa suka yar, suka gwada ta a kan mutane masu yawa, suna rubuta adadin da aka sha, da wanda ya warke, da wanda ya samu matsala. Wannan shi ne awo na biyu. Sakamakon ya nuna cewa in an sha daidai ƙima tana kashe ƙwayar cutar da sauri, illarta kuma mai sauƙi ce ga mafi yawan mutane. A 1946 aka raɗa mata suna kulorokwin.

Daga nan sai ta bazu ko'ina. Ga araha, ga sauƙin ɗauka, ba ta buƙatar firji. Shekaru da dama babu maganin zazzaɓi da ya kai ta ceton rai a Afirka. Illarta tana nan, ba a ɓoye ba: ƙaiƙayi, musamman ga baƙar fata, da jiri, da tashin zuciya. Wanda ya daɗe yana sha tana iya taɓa masa ido. Mafi hatsari kuma, tazarar da ke tsakanin ƙimar da ke warkarwa da wadda ke kisa ba ta da faɗi; in aka zarce tana tsayar da zuciya, ƙwayoyi kaɗan ma sun isa su halaka ƙaramin yaro. Duk da haka, a wancan zamani gefen amfani ya rinjayi gefen illa nesa ba kusa ba.

Sai dai ita ma ƙwayar cutar ba barci take yi ba. A ƙarshen shekarun 1950, a kan iyakar Tailan da Kambodiya, inda masu haƙar duwatsu masu daraja ke shige da fice, aka fara ganin zazzaɓin da kulorokwin ba ta iya masa. Kusan lokaci guda aka ga irinsa a Kolombiya ta Kudancin Amurka. A 1978 aka tabbatar da shi a Kenya da Tanzaniya, kafin ƙarshen shekarun 1980 kuma ya iso Afirka ta Yamma. Cuta ba ta nuna takarda a shinge, tana bin jinin matafiyi ne ta tsallaka. Makiyaya sun san irin wannan ga maganin sammore, wanda a wasu wurare allurar da take tayar da saniya jiya yau ba ta yi kamar da.

A nan ne labarin ya yi ɗaci, domin mutane ba su gane da wuri ba. Me ya sa? Kulorokwin tana sauke zafin jiki ko da ba ta gama da ƙwayar cutar ba. Sai yaro ya sha, jiki ya yi sanyi, ya tashi yana wasa, uwa ta yi hamdala. Bayan sati biyu ko uku zazzaɓi ya dawo, a ce ai sabon kamu ne, a sake ba shi ita. Ana cikin haka jininsa yana ƙarewa. Manya kuwa, da yake jikinsu ya saba da cutar tun suna ƙanana, sukan warke ko maganin ya yi rabin aiki, sai su riƙa ba da shaida cewa ni na sha na warke. Kuma gaskiya suka faɗa. Amma yaron da bai tashi ba, ba ya zuwa kasuwa ya ba da tasa shaidar.

Abin da ya tona asirin shi ne ƙidaya, wato awo na uku. A Senegal, wani mai bincike Bafaranshe, Jean-François Trape, da abokan aikinsa sun yi shekaru suna rubuta kowace haihuwa da kowace mutuwa a yankunan karkara uku. A rahoton da suka fitar a 1998 sun nuna cewa bayan cutar ta daina jin kulorokwin, mutuwar yara ta dalilin zazzaɓi ta ninka fiye da sau biyu a yankuna biyu, ta ninka fiye da sau biyar a na ukun. A wasu ƙasashe kuma aka riƙa ba yara maganin ana bin su da gwajin jini na makonni, a ga nawa ne cutar ta dawo musu. A yau ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a bi majinyaci aƙalla kwana 28, kuma in magani ya gaza ga fiye da 10 cikin 100, ƙasa ta sauya shi. Malawi ce ta fara janye kulorokwin a Afirka, a 1993. Najeriya da Nijar suka sauya a 2005, suka koma ga haɗin magungunan da ake kira ACT, irin su Coartem. Hausawa sun ce in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Shi wannan sabon magani asalinsa daga tsiro ne, wani ɗan uwan tazargade da mutanen Sin suka daɗe suna sha don zazzaɓi. Wata masaniya mai suna Tu Youyou da tawagarta suka tace sinadarinsa a farkon shekarun 1970, aikin da ya sa ta samu kyautar Nobel a 2015. Kun ga ke nan ba a raina na gargajiya ba, amma shi ma sai da ya hau sikeli kafin a yarda da shi.

Bari mu tsaya kaɗan a kan ɗaya daga cikin waɗannan gwaje-gwaje, don ku ga yadda ake awo na ƙwarai. Zazzaɓi mai tsanani, irin wanda ke sa yaro suma ko jijjiga, kwinin ake yi masa ta jijiya tun zamanin kakanni. Aka zo da allurar atesunet, 'yar gidan wancan tsiro na Sin. Wace ce ta fi? Aka shirya gwaji a asibitoci 11 na ƙasashen Afirka tara, har da Ilori a Najeriya, aka sa yara 5,425 da yardar iyayensu. Ba likita ke zaɓar wanda zai samu wace allura ba, ƙuri'a ce ke rabawa. Dalili kuwa a fili yake: in ka ware shanunka masu ƙiba ka ba su sabon magani, ramammu ka ba su tsohon, ai ka san wanda zai ci tun kafin a fara, kuma kanka ka yaudara. Ƙuri'a ita ke sa ɓangarorin biyu su zama daidai, mai ƙarfi da mai rauni kowa ya samu rabonsa.

Sakamakon ya fito a 2010. Cikin yaran da aka yi wa kwinin, 297 suka rasu. Cikin na atesunet, 230. Wato a kowane yara 1,000, kwinin ta rasa kusan 109, atesunet ta rasa 85. Bambancin yara 24 ke nan. Ku lura, jama'a, duka allurai biyun suna ceton mafi yawan yara, kuma a duka biyun akwai waɗanda kwanansu ya ƙare. Babu likitan da zai iya ganin wannan bambanci da idonsa a ɗakin jinya ɗaya, komai ƙwarewarsa. Sai an tara dubbai an ƙirga. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa atesunet a gaba har ga yara. Ita ma daga baya an gano tana da tata illar: wasu majinyata jininsu kan ragu sati ɗaya zuwa uku bayan allurar, shi ya sa ake son a koma asibiti a duba. An rubuta wannan a gefen illa, aka sake aunawa, amfani ya ci gaba da rinjaye.

Awo na huɗu kuwa da idonmu muka gan shi. A watan Maris na 2020, korona na tsakiyar tashe, wani likita a birnin Marsel na Faransa, Didier Raoult, ya fitar da rahoto cewa wata ƙanwar kulorokwin mai suna haidiroksikulorokwin tana maganin cutar. Mutum 36 ne a lissafinsa, babu ƙuri'a, kuma an cire mutum shida da suka sha maganin daga ƙidayar, cikinsu uku an kai su ɗakin kulawa ta musamman, ɗaya ya rasu. Kamar dillali ne ya kore gurgun sa bayan gari, sannan ya ce zo ka ga garke. Shugaban Amurka na lokacin, Donald Trump, ya yaba maganin, labari ya cika wayoyi, farashi ya tashi. A cikin watan nan hukumomin lafiya na Legas suka sanar da cewa an kwantar da mutane saboda sun sha kulorokwin fiye da kima.

Masu bincike na Jami'ar Oxford a Ingila suka yi abin da ya kamata. Ta hanyar ƙuri'a suka ba majinyata sama da 1,500 maganin, wasu sama da 3,000 aka yi musu jinyar da aka saba. Bayan kwana 28, kimanin 27 cikin 100 na masu shan maganin sun rasu, na ɗaya ɓangaren kuma kimanin 25. Babu amfani ke nan, illa kuwa tana nan inda take. Abin lura shi ne, awo ƙarami ne ya sa aka yar da wannan magani a Jamus lokacin da ake buƙatarsa, awo ƙarami ne kuma ya sa aka rungume shi a 2020 lokacin da ba shi da abin yi.

To, mene ne namu a ciki? Har gobe ana samun kulorokwin a faranti da kwali a kasuwanninmu na bakin iyaka, kuma mun san uzurin mai saye: asibiti da nisa, dabbobi ba mai tsaro, kuɗi ba yawa. Amma ga irin zazzaɓin da ya fi yawa a ƙasashenmu, hukumomin lafiya na ɓangarorin biyu sun daina ba da ita tun 2005, kuma kun ji dalili. Ba kowane zafin jiki ne na cizon sauro ba, gwajin jini na ɗan yatsa yana nunawa cikin minti ashirin. In an ba da ACT, a shanye na kwana ukun duka ko da jiki ya yi daɗi, domin ragowar ƙwayar cutar da aka bari ita ce ke koyon jure magani. Yaron da ya suma, ko yake jijjiga, ko ya kasa shan nono, wannan na asibiti ne ba tare da jira ba.

Duk ranar da wani ya tallata muku magani, a kasuwa ko a waya, na mutum ko na dabba, ku yi masa tambayar ɗan kasuwa. Mutum nawa aka gwada a kansu? Da wa aka kwatanta su? Waɗanda bai yi wa aiki ba, an sa su a lissafi? Kuma mece ce illarsa? Wanda ya ce maganinsa ba shi da illa ko kaɗan, to bai auna ba ne. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare mana 'ya'ya da dukiya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.