Haƙƙin Makiyaya a Cinikin Kabon: Darasi daga Kenya

Cinikin kabon ya ginu ne a kan lissafi guda: kamfanin da ke fitar da hayaƙi yana sayen takardun shaida, kowace ɗaya a madadin tan guda na iskar kabon da aka hana fita ko aka adana a itatuwa da ƙasa. A shirin filayen kiwo na arewacin Kenya, wanda ya mamaye kusan hekta miliyan 2, makiyayan Samburu da Borana da maƙwabtansu ne ke ɗauke da nauyin adanawar, domin su aka ɗora wa juya dabbobi daga fili zuwa fili har ciyawa ta farfaɗo. Tunda guminsu da ƙasarsu ne ke samar da hajar, abin da ake ba su ladan aiki ne da kuɗin haya, kuma da wannan mudu ya kamata a auna shi.

Gyaran da Kenya ta yi wa dokar sauyin yanayi a 2023 ya kama hanya, inda ya tanadar wa al'umma aƙalla kashi 40 cikin 100 na kuɗin shirye-shiryen da suka dogara da ƙasa. Sai dai ƙa'idojin 2024 sun yarda a cire kuɗin gudanarwa kafin rabo. Wanda ke riƙe da littafin lissafi shi ke faɗin abin da ya rage, kuma kashi 40 na adadin da ba a gani ba sayen kifi ne a ruwa.

Masu zuba jari za su ce awon ƙasa da tantancewa suna cin kuɗi, kuma farashi na hawa da sauka. Gaskiya ne, amma makiyayin da aka taƙaita wa kiwo a shekarar fari shi ma ya yi asara, kuma tasa ba ta shiga lissafi. Wasu kuma na ganin rijiya da makaranta sun fi tsabar kuɗi amfani. Ko da haka ne, zaɓin na masu haƙƙi ne. Kuma ba kullum ake ba su zaɓi ba: a Janairun 2025 wata kotu a Isiolo ta yanke hukuncin cewa an kafa biyu daga cikin gandayen kare muhalli na yankin ba tare da shigar da jama'a yadda doka ta tanada ba.

Saboda haka adalci a wannan ciniki yana da sharuɗɗa 3: yardar al'umma tun farko, bayyana farashin da aka sayar da kowace takarda, da ƙayyade abin da za a cire kafin rabo. Shirin da ya gaza cika su bai cancanci shiga kasuwa ba.