Makarantar Farko Ta Malam Abdullahin Gwandu

'Yar'uwa, ko kin taɓa tambayar kanki a ina manyan malaman ƙasar nan suka fara gane baƙi? Mu da ke Jega da Aliero da Maiyama ba sai mun je nesa neman amsa ba. Duk muna cikin masarautar Gwandu ne, kuma nan Gwandu kabarin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake, wanda aka haifa a 1766, ya rasu a 1829.

Wannan bawan Allah gwani ne a nahawun Larabci, wato ilmin da ke nuna yadda ake jera kalmomi magana ta miƙe. Ya wallafa Bahrul Muhiɗi a kan nahawu, da Hisnur Rasin a kan sarfu, duka a waƙe. To amma a wani ɗan littafi nasa, Ida'un Nusukhi, inda ya lissafa malamansa, da wa ya fara? Da mahaifinsa, wanda ya koya masa Alƙur'ani. Da ya kai shekara 13 sai aka danƙa shi ga wansa Shehu Usmanu, a gabansa ya karanta Ishiriniya da Ajurumiya, littafin nan da ake fara nahawu da shi. Kin ga ke nan uba ne ya ɗora harsashi, wa ya yi gini, duk kafin ya fita neman ilmi wajen wasu.

Kada ki ce ai wannan sha'anin maza ne. 'Yar Shehu, Nana Asma'u (1793 zuwa 1864), ita ma a cikin gida ta yi karatunta. Da ta girma ta kafa 'Yan Taru: dattijai mata da ake kira jaji, a naɗa musu malfa, su zo daga ƙauyuka su ɗauki karatu a wurinta cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci, su koma su koyar da matan aure a ɗakunansu. Macen da ta koya kuwa, da wa za ta fara in ba ɗan da ke gindinta ba?

Abin da ya fi burge ni shi ne dabarar da magabata suka bi. Ba a yi wa yaro gaggawa. Da fari baki kawai, a faɗa ya maimaita. Sannan babbaƙu: a rubuta masa baƙaƙe a allo ba wasali, kowanne da sunansa na Hausa, su ba guje, mim jaye, lam ara, ha kuri, har ya san su kamar 'yan gidansu. Sai ya ƙoshi da wannan a shiga farfaru, a sa wasali bisa, wasali ƙasa, rufu'a da ɗauri. Daga nan ne zai fara haɗa baƙi da kansa. Nahawu kuwa can gaba yake, sai bakin yaro ya faɗa da karatu. Yau fa? Ɗan shekara huɗu ake so ya haddace ƙa'idar Turanci alhali bai bambance "b" da "ɗ" ba. Haba!

Da boko ya shigo, tun makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a Kano a 1909, sai karatu ya ƙaura daga zaure da tsakar gida ya koma aji. Baƙaƙen sababbi ne, iyaye da yawa ba su san su ba, suka ja da baya. Shirin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950 ya koyar da manya, UPE ta 1976 ta cika makarantu da yara, har Aliero ta samu jami'a a 2006. Duk alheri ne. Sai dai a kan hanya wata al'ada ta shige mu: uwa ta ɗaura wa yaro jaka, ta ce sauran aikin na malam ne. Malam kuwa aji ya cika masa maƙil, bai san wa ya gane ba. Sai ki ga yaro a aji huɗu, a ba shi takardar sunansa ya riƙe ta a juye.

Mata da dama yanzu sun zauna aji, ko na firamare ko na Islamiyya, sun san baƙaƙen da iyayensu ba su sani ba. Wadda ke sauraron tukunya bayan la'asar tana da gawayi a murhu da daɓen tsakar gida. Baƙi ɗaya a yini, ta zana "b" yau, gobe ta sa masa wasali ya zama "ba", jibi yaro ya haɗa "baba" da kansa ya ruga zaure ya nuna wa mai sunan.