Hicham Dguig: Daga Ɗan Wasan Futsal Zuwa Mai Horar da Ƙungiyar Ƙasa

Futsal ƙwallon ƙafa ce ta mutum biyar-biyar, wadda ake bugawa a kan daɓe ko katako. Wani malami mai suna Juan Carlos Ceriani ne ya ƙirƙiro ta a birnin Montebidiyo na ƙasar Yurugwai a shekarar 1930. Ana yin minti 20 a tafi hutun rabin lokaci, sannan a dawo a ƙara minti 20. A nahiyarmu ta Afirka, mutumin da sunansa ya fi fita a wannan fage shi ne Hicham Dguig, ɗan ƙasar Maroko.

Dguig mutumin birnin Kenitra ne, kuma a can ya buga futsal kafin ya koma aikin horarwa. A shekarar 2010 aka damƙa masa ragamar ƙungiyar ƙasarsa, a lokacin da Masar ce ke jan zarenta a Afirka. Hukumar ƙwallon Maroko ta yi haƙuri da shi, har ya kai ƙasar gasar cin kofin duniya karo na farko a 2012.

Daga nan nasarori suka biyo baya. Maroko ta ci kofin Afirka a 2016 a Afirka ta Kudu, ta sake ci a 2020, sannan a 2024 ta doke Angola da ci 5 da 1 a wasan ƙarshe a Rabat. A gasar duniya ta 2021 a Lituweniya da ta 2024 a Uzbekistan ta shiga cikin ƙasashe takwas na ƙarshe, kuma duk sau biyun Brazil ce ta fitar da ita.

Wannan tarihi ya shafe mu, domin Nijeriya ce ta wakilci Afirka a gasar duniya ta 1992 a Hong Kong, shekara 20 kafin Maroko ta je, amma ba mu ɗora a kan wannan harsashi ba.

A Kumbotso, musamman Panshekara, Na'ibawa da Mariri, gine-gine sun cinye filayen da yara ke wasa. A Kura da Bunkure kuwa, ƙasar da ruwan madatsar Tiga ke shayarwa ta shinkafa ce da kayan lambu, ba mai ba da ita don ƙwallo. Filin futsal tsawonsa mita 40 ne, faɗinsa mita 20, wato girman babban fili guda ya kai na futsal takwas. Harabar makarantar firamare ma ta wadatar.

Abin da ya rage shi ne masu horarwa. Darasin da muka ɗauka daga Maroko shi ne a zaɓi wanda ya buga wasan da ƙafarsa, a ba shi ilimi, kuma a bar shi ya daɗe a kan aikin.